Ƙafa Ɗaya Kullum? Yadda Za Ki Taimaki Jariri Ya Miƙe Tsaye da Ƙafafunsa Biyu

Ranar da jariri ya fara kama bakin kujera ya ja jikinsa sama, babu mai duban ƙafarsa. Kowa fuskarsa yake kallo, yadda ya zaro ido yana mamakin kansa, ana tafi ana dariya. Sai bayan mako biyu ko uku uwa kan lura da wani abu: duk sanda zai miƙe, ƙafar dama ce ke fita gaba, ta hagu kuwa tana biyowa daga baya kamar an tilasta mata. Daga nan zuciya ta fara saƙe-saƙe.

Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali. Yawancin jarirai suna da ƙafar da suka fi so a farkon koyon miƙewa. Yaro ya gano dabara ɗaya da ta yi masa aiki, sai ya riƙe ta, kamar yadda ke ma kina da ƙafar da kike fara sa wa takalmi ba tare da kin taɓa tunani a kai ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan hali ya kama, zai iya amfani da ɗaya ƙafar? Yaron da ya fi son dama amma yakan yi da hagu idan wuri ya tilasta masa, wannan sabo ne, kuma sabo wasa ke gyara shi. Yaron da ƙafarsa ɗaya ba ta amsawa ko da an ba ta dama, wannan sai likita ya duba. Duk abin da ke tafe don ki iya raba waɗannan biyu ne, ki kuma san abin yi a kowane hali. Da uwa nake magana, amma uba, kaka da mai raino duk hannunsu na ciki.

Yaushe ne lokacinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi ɗaruruwan yara masu lafiya a ƙasashe biyar, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. An ga cewa tsayuwa da riƙo kan zo tsakanin kusan wata 5 zuwa wata 11 da 'yan kwanaki, tafiya da riƙo tsakanin wata 6 zuwa kusan 14, tafiya ba riƙo kuma daga wata 8 har kusan wata 18. Dubi faɗin tazarar. Yara biyu da aka haifa rana ɗaya, wani na iya riga wani miƙewa da wata biyar, kuma dukansu ƙalau suke. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a jadawalin da ta sabunta a 2022, ta sa jan jiki a miƙe cikin abubuwan da mafi yawan yara ke yi kafin su cika shekara ɗaya.

Idan bakwaini ne, ki cire makonnin da ya riga lokacinsa kafin ki auna shi da waɗannan watanni. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya cika wata 10 a duniya, jikinsa na ɗan wata 8 ne. Haka ake lissafa masa har wajen shekara biyu.

Miƙewar kanta hawa-hawa ce. Da farko hannu ne ke yin aikin: yaro ya damƙi abu, ya ja, ƙafafu biyu su miƙe tare a sanƙare, wani lokaci ma a kan yatsu. Daga baya sai ya koyi durƙusawa a gaban kujera, gwiwa biyu a ƙasa, ƙugu a miƙe. Sannan babban ci gaban ya zo: ya bar gwiwa ɗaya a ƙasa, ya fito da ɗaya ƙafar gaba ya dasa tafinta, ya tura ƙasa ya tashi. A wannan rabin durƙuso ne fifikon ƙafa ke bayyana, kuma nan ne yawancin aikinki yake.

Mataki na farko: kwana uku na kallo kawai

Kafin ki taɓa komai, ki sa ido. Na san hannu na ƙaiƙayi, amma wanda bai san inda ciwo yake ba, ba ya shafa magani. Ki ɗauki takarda ki ja layi a tsakiya, dama da hagu. Duk sanda kika ga ya miƙe, ki sa alama a ɓangaren ƙafar da ta fita gaba, ki rubuta kuma inda abin ya faru: gadonsa ne, kujerar zama ce, ko cinyarki. Miƙewa ashirin ko talatin sun isa. Idan kina da waya, ki ɗauki gajeren bidiyo daga bayansa, ba daga gaba ba, yana sanye da famfas kaɗai don cinya da gwiwa su fito. Ido kan ruɗu saboda abin na faruwa cikin ƙiftawa, amma bidiyo kina iya maimaita shi, kuma in ta kai ga zuwa asibiti, shi zai yi miki bayani. Yara sun ƙware wajen ƙin yin abin da ake so su yi a gaban likita.

Ki duba kuma abin da yake yi bayan ya tsaya. Tafukan ƙafarsa biyu a ƙasa suke? Nauyinsa a tsakiya yake, ko kullum ya jingina gefe guda, ɗaya ƙafar tana taɓa ƙasa da yatsu kawai? Wajen rarrafe, gwiwa biyu yake sawa, ko gwiwa ɗaya da tafin ƙafa ɗaya? Kansa kuma, yana juya shi ko'ina, ko ya fi kallon gefe ɗaya?

Wannan kallo kan tona abin da ba a zata ba. Ɗiyar ƙanwata tana da wata tara sa'ad da uwarta ta kira ni a firgice, wai ƙafar hagu ba ta aiki. Na je na zauna a ƙasa ina kallo. Shimfiɗar wasanta tana manne da bango ta hagu, kujerar da take kamawa tana gabanta, uwar kuma kullum a gefe ɗaya take zama da ƙaramin kwandon kayan wasa. Yarinyar ta kowace hanya ta ɓullo, wuri ɗaya take karkata. Muka ja shimfiɗar tsakiyar ɗaki, uwar ta koma ɗaya gefen. A yammacin ranar, kan idonmu, ta fito da ƙafar hagu, ta ɗan yi rawa kamar za ta faɗi, ta ɓata fuska, ta tashi. Sau ɗaya ta yi, amma sau ɗayan nan ya amsa tambayar.

Mataki na biyu: gyara wurin kafin ki gyara yaron

Tsayin abin da yake kamawa yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan ya yi tsawo, dole ya rataya da hannu, ƙafa ba ta samun aikin yi. Idan ya yi ƙasa sosai, sai ya kifa cikinsa a kai ya kwanta. Abin da ya dace shi ne wanda in ya tsaya zai kai masa tsakanin cibiya da ƙirji. Kujerar zama mai katifa, in kika cire katifar, sau da yawa takan dawo daidai. Akwati mai nauyi ko ƙaramin tebur mai ƙarfi wanda ba shi da kaifin kusurwa shi ma yana yi. Cinyarki, in kin zauna a ƙasa kin miƙe ƙafa, ita ce ta fi kowanne ga mai fara koyon durƙuso.

Ƙasan wurin ya zama mai ƙarfi, ba mai santsi ba. A kan katifa mai laushi ƙafa nutsewa take yi, yaro ba ya jin inda nauyinsa yake. Ki cire masa safa. Tafin ƙafa da yatsu su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda ƙasa take, kuma da yatsu yake kama ƙasa in ya fara tangaɗi. Takalmi ba ya koyar da tsayuwa, kariya ce kawai in an fita inda akwai abin da zai soke shi ko ya ƙona shi. Wando mai tsawo da ke shiga ƙarƙashin diddige, ko riga mai jan ƙasa da gwiwa ke takawa, sukan hana ƙafa fitowa gaba, don haka ki naɗe su.

Sai ki dubi ɗabi'unki, don mu manya ma muna da gefenmu. A wane ƙugu kike saɓa shi? Kusan kowa gefe ɗaya yake da shi, saboda ya bar hannun da ya fi iyawa ya yi aiki. Ki riƙa sauyawa. Ta wane gefe kike zuwa gadonsa? Ki juya inda kansa ke fuskanta a gadon bayan 'yan kwanaki. Wajen sa masa wando, yau ki fara da hagu, gobe da dama. Ƙananan abubuwa ne, amma abin da ake yi sau goma a rana shi ke gina sabo.

Mataki na uku: durƙuso a gaban abin riƙo

Yaron da durƙusonsa bai zauna ba, ba zai yarda ya ɗaga gwiwa ko ɗaya ba sai wadda ya amince da ita. Saboda haka ki fara daga nan. Ki ɗora abin wasa a kan matashi biyu da aka jera ko ƙaramin akwati, ki durƙusar da shi a gaba, gwiwoyinsa a ƙarƙashin ƙugunsa, ba a baje ba. Ki zauna a bayansa, ki sa gwiwoyinki a gefen ƙafafunsa don kada su buɗe. Zai riƙa zama a kan dugadugansa yana tasowa, yana zama yana tasowa. Wannan hawa da saukar shi ke ƙarfafa mazaunai da cinyoyi biyu daidai wa daida.

In ya saba, ki fara matsar da abin wasan gefe kaɗan, tazarar tafin hannu, ba fiye ba. Ya miƙa hannu dama, nauyinsa ya koma gwiwar dama. Ki mayar hagu, nauyi ya koma hagu. Ki lura da gefen da yake yi da sauƙi da gefen da yake tsayawa yana kallonki kamar kin ci amanarsa. Gefen nan na biyu shi ke buƙatar ƙarin zagaye.

Mataki na huɗu: fito da ƙafar da ba ta saba ba

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, kuma kuskuren daga kyakkyawar niyya yake. Uwa ta ga ƙafar hagu ba ta fitowa, sai ta kama ta ta jawo gaba. Yaro ya turje ya yi kuka, ita kuma ta ƙara tsorata. Dalilin turjewar a fili yake: a lokacin nauyinsa a kan gwiwar hagun yake. Gwada da kanki. Durƙusa a ƙasa, ki jingina a kan gwiwar hagu, sannan ki yi ƙoƙarin ɗaga ta. Ba za ta ɗagu ba, sai kin fara mayar da nauyinki dama.

Ƙa'idar kenan: ƙafar da kike so ta fito, ita za ki sauke wa nauyi. Idan hagu kike so, ga yadda za ki yi. Yaro na durƙushe a gaban kujera, hannayensa a kai. Ki ajiye abin wasan sama kaɗan kuma ta dama. Ki riƙe ƙugunsa da hannu biyu, yatsunki a gaba, manyan yatsu a baya, riƙo mai taushi. Ki karkata ƙugun zuwa dama a hankali, ɗan kaɗan, har ki ji gwiwar hagu ta yi sako-sako a ƙasa. Sai ki tsaya. Ki ƙirga zuwa biyar a zuci. Jiran nan shi ne ya fi wuya, kuma shi ne ya fi amfani, don sau da yawa yaron da kansa zai zaro ƙafar. In bai yi ba, ki ɗan shafa bayan cinyar hagu ko ki taɓa ƙarƙashin gwiwa. In har yanzu shiru, sai ki ɗauko ƙafar a hankali ki dasa tafinta a ƙasa, gwiwa a saman idon sawu, yatsu na kallon gaba.

Da ƙafar ta dasu, kada ki ɗaga shi. Ki tura ƙugunsa gaba kaɗan zuwa saman ƙafar da ke gaba, ki ɗan danna gwiwar ƙasa da tafin hannunki don ya ji ƙasa a ƙarƙashin diddigensa. Tashin nasa ne. Idan kika cicciɓe shi ta hammata, ke kika miƙe, ba shi ba.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani a nan. A rabin durƙuso ƙafafu biyu ke aiki, kowace da nata: ta gaba tana turawa, ta baya tana riƙe jiki. Yaron da kullum dama ce ke fita gaba, wataƙila ƙarfin turawar hagu ne bai kai ba, wataƙila kuma gwiwar dama ce bai yarda ya jingina a kanta ba. Shi ya sa ba a cewa ga ƙafa mai kyau ga mara kyau. Kuma shi ya sa ba za ki hana shi gefen da ya iya ba. Ki bar shi ya yi nasa yadda yake so duk yini, ke kuma a lokacin wasanku ki ba sabon gefen sau biyu ko uku, tsohon sau ɗaya.

Ki tsaya a rabin durƙuson ma wani lokaci, ba sai an tashi ba. Ki ba shi abin bugawa ko littafi mai hotuna ya yi wasa a haka na 'yan daƙiƙu. Sau uku zuwa biyar a zama ɗaya ya wadatar, zama biyu ko uku a rana, a lokacin da ya ƙoshi kuma ya yi barci ya tashi. Da ya fara banƙarewa ko juya fuska, a tashi wasa. Sannu ba ta hana zuwa, amma yaron da aka matsa wa yakan tsani wasan gaba ɗaya, ya gan ki kin durƙusa a bayansa ya fara kuka.

Mataki na biyar: tashi daga zaune

Wannan ya fi sauƙi, kuma yana tilasta ƙafa biyu su yi aiki tare. Ki zauna a ƙasa a gaban kujera, ki zaunar da shi a kan cinyarki yana fuskantar kujerar, tafukan ƙafarsa biyu a ƙasa, a jere, tazararsu daidai faɗin ƙugunsa. Ki duba da kyau, don mai wayo yakan ja ƙafar da ya fi so baya kaɗan ta yadda ita za ta ɗauki aikin. In kin ga haka, ki daidaita su, ko ma ki ja ɗayar baya da ɗan yatsa guda. Ki sa abin wasa a gaba yadda sai ya sunkuyo, hancinsa ya zo saman yatsun ƙafarsa, kafin ya tashi. Hannunki a kan gwiwoyinsa ko ƙugunsa, ba a hannayensa ba.

Mataki na shida: saukowa

Ba a cika maganar saukowa ba, alhali ta fi hawa wuya. Duk wadda ta taɓa tashi tsakar dare ta tarar da jariri tsaye a gadonsa, riƙe da ƙarfe yana kuka don ya rasa yadda zai zauna, ta san abin da nake nufi. Da farko sakin hannu kawai yake yi ya faɗa kan mazaunansa tim. Lanƙwasa gwiwa a hankali na buƙatar cinya ta riƙe nauyi tana sassautawa, kuma wannan ne ke nuna ko ƙafafu biyu ƙarfinsu ɗaya.

Yana tsaye riƙe da kujera, ki riƙe abin wasa daidai gwiwarsa. Ya saki hannu ɗaya ya ɗan rusuna ya ɗauka. Gobe ki sauke shi zuwa ƙwauri, jibi zuwa ƙasa. Ki ajiye ta dama, ki ajiye ta hagu, ki ajiye tsakanin ƙafafunsa. Idan gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa, ki ɗan taɓa bayansu da yatsa tare da jan ƙugunsa baya da ƙasa. Wasan da yara ba sa gajiya da shi: kwando a kan kujera, ƙwallaye ko murafai masu girman da ba za su shiga baki ba a ƙasa, ya ɗauko ya jefa, ki zazzage, a sake. Ke za ki gaji kafin shi.

Mataki na bakwai: bin bango ta kowane gefe

Da tsayuwa ta zauna, zai fara takawa gefe-gefe yana bin kujera. A nan ma zai zaɓi hanya ɗaya. Ki ajiye abin da yake so a ɗaya ƙarshen, kusa da farko, taku biyu kawai. In ya maƙale, dabarar nan ta ƙugu ce dai: kina so ya tafi hagu, ki karkata nauyinsa dama, ƙafar hagu ta samu sararin buɗewa. Daga baya ki haɗa kujeru biyu da ɗan giɓi a tsakani, ko ki sa su a kusurwa, ya koyi juyawa.

Abubuwan da zan ce ki rage ko ki bari

Keken koyon tafiya, wanda ake zaunar da yaro a ciki mai tayoyi, sunansa ne kawai na koyon tafiya. Yaro na rataye a cikinsa, yana tura ƙasa da yatsu, sau da yawa da ƙafa ɗaya, ba ya ganin ƙafafunsa, ba ya koyon riƙe nauyinsa. Ga haɗarin faɗowa daga matakala da kaiwa ga abu mai zafi. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana kiran a hana shi. In an ba ki kyauta, ki yi godiya ki ajiye. Abin tsalle da ake ratayawa a ƙofa da kujerun da ke riƙe yaro a tsaye su ma kada su wuce 'yan mintuna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ɗaure ɗan ƙasa da shekara ɗaya a kujera ko keken turawa fiye da awa ɗaya a jere, kuma wanda bai fara motsawa ba ya samu aƙalla minti 30 na kwanciyar rubda ciki a farke, a rarrabe cikin yini. Ƙasa ita ce makarantarsa.

Riƙe hannayensa sama da kansa ana tattaka shi yana da daɗi, kuma sau ɗaya-ɗaya ba laifi. Amma in za ki yi, ki sauke hannayen daidai kafaɗarsa ko ƙasa, ko ki riƙe ƙugu. Kada a taɓa fizgo yaro sama da hannu ɗaya, gwiwar hannunsa na iya gocewa.

Tunda ya fara miƙewa, gidan ma ya canza. Ki sauke katifar gadonsa zuwa mafi ƙasa. Durowa, kanta da talabijin a ɗaure su da bango, don duk abin da ya kama zai ja. Mayafin tebur mai lilo, wayar dutsen guga, kofin ruwan zafi a bakin tebur, duk yanzu hannunsa na kaiwa. Bokiti mai ruwa ya fi komai ba ni tsoro: tsayinsa daidai abin kamawa ne, kan jariri kuma yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya fitowa. A zubar da ruwan ko a rufe ƙofa.

Lokacin da wasa bai isa ba

Idan kin yi mako uku zuwa huɗu kina waɗannan abubuwa kuma ko sau ɗaya bai fito da ɗaya ƙafar ba, ko da taimakonki, ki kai shi wurin likitan yara. Wasu alamun kuwa ba a jira musu ko mako ɗaya.

Lokacin canza famfas, ki kwantar da shi rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyinsa, tafukan ƙafa a ƙasa a jere. Gwiwa ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Ki buɗe cinyoyinsa a hankali kamar littafi, ba da ƙarfi ba. Ɗaya tana tsayawa tun kafin ɗayar? Waɗannan na iya nuna cewa kan ƙashin cinya bai zauna daidai a gurbinsa na ƙugu ba. Matsalar ta fi yawa ga 'ya'ya mata, ga waɗanda suka zauna a ciki da mazaunai ƙasa, ga 'yan fari, da inda wani a dangi ya taɓa yi. Ba ta cika yin ciwo ba a wannan shekarun, shi ya sa take ɓuya. Hoto ne ke tabbatar da ita, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wadda aka gano a watannin farko sau da yawa ɗamara ta musamman ke gyara ta, wadda ta jima kuwa takan kai ga ɗaurin filasta mai tauri irin na karaya ko tiyata. Bambancin layukan fatar cinya shi kaɗai ba hujja ba ne, jarirai da yawa masu lafiya suna da shi, amma ki nuna wa likita.

Ki dubi gefen jikin gaba ɗaya, ba ƙafa kaɗai ba. Hannun wannan gefen yana yawan zama a dunƙule? Yana miƙa hannu ɗaya ne kawai ga komai? Fifita hannu ɗaya ƙarara kafin shekara ɗaya ba alamar bahago ko mai amfani da dama ba ce, abin dubawa ne. Haka in ƙafar tana da tauri in kin lanƙwasa ta, ko kullum a kan yatsu take tsayawa ita kaɗai, ko ƙafafun na harɗewa kamar almakashi in kin ɗaga shi. Wannan ya fi muhimmanci ga bakwaini, ga wanda ya sha wuya wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba, da wanda ya yi shawara mai tsanani yana jariri. Wuyan da ya karkata gefe ɗaya tun yana ƙarami, ko ƙeya da ta baje ta gefe guda, su ma sukan jawo jiki duka ya fi son ɓangare ɗaya, kuma likitan fisiyo, mai motsa gaɓɓai, yana gyara su da atisaye.

A ranar za ki tafi asibiti, ba gobe ba, idan yaron da ke tsayawa jiya yau ya ƙi taka ƙafa ɗaya, ko yana ihu in an taɓa ta, ko akwai kumburi, ja ko zazzaɓi. Ciwon gaɓa mai ƙwayar cuta yana ɓarna cikin kwanaki. Haka in ƙafa ta saki lokaci ɗaya ta zama laɓo-laɓo, ko yaro ya daina yin abin da ya riga ya iya. Kada a ja ƙafar, kada a murza ta da ƙarfi, kada a ɗaure ta kafin likita ya gani.

Akwai kuma abubuwan da ke tsorata iyaye alhali na lokacin ne. Ƙafafun jariri kan ɗan yi baka, su miƙe da kansu wajen shekara biyu, muddin duka biyun iri ɗaya ne kuma ba ƙaruwa suke ba. Tafin ƙafa a shafe, ba lanƙwasa a tsakiya, haka na kowane jariri yake saboda kitse. Buɗe ƙafafu sosai a tsaye, yatsu na kallon waje, da ɗan sanɗa jefi-jefi da ƙafa biyu, duk na sabon shiga ne. Mai jan mazaunai maimakon rarrafe yakan makara wajen miƙewa da tafiya, kuma irinsa ya fi kowa amfana da wasan durƙuso, don gwiwarsa ba ta saba da ƙasa ba. Idan ya cika shekara ɗaya bai fara jan jiki ya miƙe ba, ko ba ya yarda ya ɗora nauyi a ƙafafunsa in kin tsayar da shi, ki faɗa wa likita a wannan watan.

In za ki je, ki tafi da takardar nan ta dama da hagu, da bidiyo biyu ko uku, ɗaya na miƙewa, ɗaya na rarrafe, ɗaya yana tsaye an ɗauka daga baya. Ki sa masa kaya masu sauƙin cirewa, ki zaɓi lokacin da ba na barcinsa ba, ki riƙe abin wasan da ya fi so a jaka, don shi za a ɗora a kan kujera a ga wace ƙafa za ta fito.